Ɗigo Na Huɗu

Shafi na 19

Masu turo min "ina ci gaba" tun ranar Laraba, ga shi. Masu cewa in kori Kelepi kuma, ku karanta har ƙasa kafin ku sake ba ni shawara.

*

Ƙarfe uku da kwata na ranar Asabar na isa garejin Manase. Ƙarfe huɗu za a rufe karɓar sunayen masu buga wasan ƙarshe na gasar yaƙin jiragen ruwa a kwamfuta. Mutum huɗu ake so a jirgi ɗaya, kuma sunan da aka tura ya zauna ke nan, ba canji. Jirgin da ya ci ranar Litinin shi zai tafi Auckland da sunan ƙasarmu Tonga.

Sunayen suna cikin wayata. Ni a sitiyari. Manase a igwa. Fineasi a faci da kwashe ruwa. Ƙanena Kelepi a saman doguwar sandar tsakiya, shi ne idon jirgin.

Na zo ne in goge ɗaya. Wata malamar makaranta a tsibirin Vava'u, Heilala, tana jiran saƙona don ta maye gurbin.

Sau uku cikin mako biyu jirgin Peka yana nutsar da namu, Tavake. Sau ukun kuma ba neman mu ya yi ba. Samun sa muka yi yana jira. Kyaftin ɗin Peka shi ne Sitaleki, ɗan gwaggonmu, kuma da shi za mu kara ranar Litinin.

Kowa a gidansa yake buga wasan, murya kawai ke haɗa mu a zauren magana na intanet. Yau na ce fuska nake son gani.

"Kyaftin ta iso," in ji Fineasi, bakinsa cike da rogo. "Ku miƙe ku sara."

Ba wanda ya miƙe.

Manase yana gyaran injin kwalekwale, bai ɗago ba. Kelepi yana ganina ya tashi daga benci ya koma bakin ƙofa ya tsuguna, rabin jikinsa a waje. Haka yake yi tun yana ɗan shekara goma.

Na ɗora kwamfuta a kan ganga na buɗe bidiyon wasan ranar Talata.

"Manase, zo ka gani."

"Ina ji daga nan."

"Gani na ce."

Ya goge hannu ya zo.

"Minti na goma sha ɗaya. Me kake yi a nan?"

"Ina juya igwa."

"Zuwa ina?"

"Hagu."

"Me nake cewa a lokacin?"

Ya ɗaga kafaɗa. Na ƙara ƙarar. Muryata ta fito tana bayanin iska da yadda za a rage filafilai, ƙyallayen da iska ke tura jirgi da su. Sai da aka yi sakan uku sannan aka ji na ce, "Igwa hagu!"

"Sakan uku kafin in ba da umarni ka riga ka juya. Wa ya gaya maka?"

"Hankalina."

"Hankalinka ba ya gani ta bayan dutse. Mutum ɗaya ne a jirgin nan yake gani ta bayan dutse."

Ba wanda ya kalli ƙofa. Yadda suka ƙi kallon ta ma ya isa.

"Kelepi bai ce uffan ba a zauren. Na saurara sau shida. To ta ina maganar ta bi?"

"Wataƙila a mafarki," in ji Fineasi.

"Zan zo kanka."

Ya ajiye rogon.

Na juya wajen Manase. "Ranar farko na ce mu ɓuya bayan tagwayen duwatsu. Muka zagayo, Peka ya saki anga ya kafe a wurin, ya ba mu gefe, igwa huɗu a cike. Rana ta biyu na ce cikin hazo, ta kudu. Yana can. Ranar Alhamis na ce bakin kogi, wurin da ba mu taɓa zuwa ba, kuma minti goma kafin wasa na faɗa. Yana can. Mu huɗu ne kaɗai muka ji."

"To ki faɗi abin da kika zo faɗa."

"Shekara biyu kana kyaftin kafin in dawo daga Halifax, can ƙasar sanyi."

"Da hannuna na ba ki sitiyarin."

"Bayan na cinye ka sau biyar a jere."

"Huɗu."

"Biyar."

"Na biyar wuta aka ɗauke, kowa ya sani."

"In Tavake ya faɗi a hannuna, wa za a ce ya dawo?"

Ya dube ni ya daɗe. Manase ƙato ne, kuma in ransa ya ɓaci muryarsa ƙasa take yi.

"Losaline, ni na raɗa wa jirgin nan suna. Ki zarge ni da wani abu daban."

Ban ba shi haƙuri ba. Ban gama da shi ba tukuna. Na buɗe wani hoto a waya na miƙa wa Fineasi.

"Matarka ta sa wannan a intanet ranar Alhamis. Ta rubuta wai mijinta ya tafi yaƙi."

"Ai kuwa na yi kyau."

"Dubi wuyanka. Ga babban abin kunne a kanka, wanda kake jina da shi. Ga kuma siririyar waya tana fitowa ta ƙarƙashinsa. Kunne biyu gare ka, Fineasi. Ɗaya nawa ne. Ɗayan na wa?"

Ya ƙura wa hoton ido.

"Matar nan sai ta kashe ni wata rana."

"Na wa?"

"Waƙar coci nake ji. Tana kwantar min da hankali in ruwa ya..."

"Fineasi," in ji Manase. "Bari."

Ya ciro wayarsa daga aljihu, ya danna, ya ajiye ta a kan ganga kusa da kwamfutata. Wani zauren magana ne, ba namu ba. An sa masa suna Maza.

Uku da rabi ta wuce da minti biyu.

"Tun yaushe?"

"Tun makonki na biyu."

"Wata bakwai kuna da jirgi a cikin jirgina."

"Ba haka ba ne."

"Ina ba da umarni a kunne ɗaya, wani yana warwarewa a ɗayan. Wane ne kyaftin a can? Kai?"

"Ba kyaftin a can. Ashar ce kawai a can."

"Ban gane ba."

Fineasi ya sosa ƙeya. "Kyaftin, kin san ni. In rami uku ya ɓulle a ƙasa, ruwa ya kai min ƙirji, bokiti ɗaya a hannuna, abin da ke fita daga bakina ko alade ya ji sai ya bar unguwa."

"Na ji wanda ya fi naka. Shekara tara na yi cikin ma'aikatan jirgin ruwa na gaske."

"Mun sani," in ji Manase. "Ba don ke aka yi ba. Don shi aka yi."

Ya nuna ƙofa da haɓa.

"Kin tuna wasanki na farko da mu? Fineasi ya saki wata magana a kan uwar mai igwar ɗaya jirgin. Kina ji, ƙanenki yana ji. Me ya faru?"

"Intanet ɗin Kelepi ya yanke. Muka nutse."

"Ba abin da ya yanke. Cire abin kunnen ya yi, ya fita waje ya tsaya ƙarƙashin bishiyar mangwaro har aka gama. Ta yaya zai zauna ana wannan magana a gaban yayarsa?"

Na kalli Kelepi. Yana kallon tsakuwa.

"Wannan ɗaya ke nan," in ji Manase. "Na biyu ya fi muni. Ke kika kafa doka ranar da kika hau, kika ce murya ɗaya a jirgi, in kina magana kowa ya yi shiru."

"Doka ce mai kyau."

"Ni da wannan sakaran muna karya ta kullum, ba kya ma lura. Shi fa? Yana sama, ya hango filafilan Peka. Kina bayanin iska. Me kike so ya yi?"

"Ya yi magana."

"Kina cikin magana?"

"Mai hange ne. Aikinsa ke nan."

"Ƙanenki ne. Jira yake ki kai aya. Ke kuma, Kyaftin, da girmanki, ayarki tana da nisa."

Fineasi ya yi dariya ta hanci, ya haɗiye ta.

"Shi ya sa muka buɗe masa inda zai yi ihu. Yana gani ya faɗa mana a can, ni in juya igwa, wannan ya shirya katako. Sakan ukun da kike tuhuma ta a kai, su suka cece mu sau nawa ba ki sani ba."

"Me ya hana ku gaya min?"

"Mu ce miki me? Ƙasar sanyi ta sa kin manta yadda ake zama da ɗan'uwa?"

Ban manta da al'adarmu ba. Na san ba ma kwana a rufi ɗaya, na san ba ya shan ruwa a kofin da na sha. Na ɗauka duk wannan yana tsayawa ne a bakin allon kwamfuta. Ashe har saman sanda ya bi shi.

Amma wannan bai amsa abin da ya kawo ni ba.

"Dabarun da nake faɗa kafin wasa. Kuna maimaita su a can?"

"Muna ɗan tauna su," in ji Fineasi. "Mu ce wannan za ta yi, wannan hauka ce. Cikin ladabi."

Na jawo wayar Manase na duba da kyau. Kowane mutum a zauren yana da ɗigo a gefen sunansa. Wanda yake ciki nasa kore ne, wanda ba ya nan toka-toka. Na Manase ne kaɗai kore.

"Ku uku ne."

"E."

"Ɗigo huɗu nake gani."

"Oho, wannan," in ji Manase. "Tsohuwar wayar Kelepi ce. Da ita ya buɗe zauren, da ya sayi sabuwa ya sake shiga da wani suna. Wani lokaci tana kamawa da kanta."

"Tana kamawa da kanta."

"Haka ya ce."

Na mayar da wayar kan ganga.

"Kelepi."

"Na'am, Yaya."

"Ina tsohuwar wayar?"

Wani alade ya ratsa ta gaban garejin da 'ya'yansa a baya. Can cocin Wesley 'yan mawaƙa sun fara gwajin waƙar gobe. Kelepi ya ɗauki tsakuwa ɗaya ya ajiye.

"Tana wajen Sitaleki."

Manase ya yi jifa da tsumman hannunsa.

"Me ka ce?"

"Ranar bikin cikar Gwaggo shekara saba'in. Na ajiye ta a tabarma ina yanka nama. Ya ɗauka, ya juya ta, ya ce wannan wayar tana da kyau."

"Sai ka ba shi," na ce.

"Ɗan Gwaggo ne, Yaya."

Ba wanda ya tambaye shi me ya sa bai hana ba. A al'adarmu, abin da ɗan gwaggo ya yaba ya zama nasa. Da Sitaleki ya yaba rigar jikinsa ma, da tsirara zai koma gida. Ni ma na gane, kuma ganewar ce ta fi ba ni haushi.

"Ba ka goge komai ba?"

"Yana tsaye a kaina. In ce ya jira in goge? Kamar ina ɓoye masa wani abu?"

"Ai kana ɓoye masa wani abu, ɗan banza!" in ji Fineasi. Ya kalle ni, ya toshe bakinsa. "Afuwa."

"Na ɗauka zai wanke ta ya sa layinsa," in ji Kelepi. "Da muka same shi a tagwayen duwatsu na ce sa'a ce. Da muka same shi a hazo na duba, na ga ɗigon kore."

"Kuma ka ce mana da kanta take kamawa," in ji Manase.

"E."

"Me ya hana ka fitar da shi?"

"Da wayar aka buɗe zauren. Ba a fitar da mai zaure."

"To mu buɗe wani mana!"

"In muka watse zai san na gane. In ya san na gane, na kira shi ɓarawo ke nan. Wajen Gwaggo zai kai. Gwaggo za ta tambayi me ake faɗa a zauren. Daga nan za ta tambayi muryar wa ke ɗaya kunnen."

Ya sunkuyar da kai. Bai buƙaci ƙarasawa ba.

Gwaggo Seini yayar mahaifinmu ce. Ita ta raɗa min suna, ita ta raɗa wa Kelepi. In ta shigo gidanmu Baba ƙasa yake sauka ya zauna. Ta san ina wasan jirgi, ta san Kelepi yana yi. Ba ta san a jirgi ɗaya muke ba, cikin maza, kunne da kunne. Ranar da ta sani, kalma ɗaya za ta faɗa, kuma ba mai ƙara wata a kai.

"Shi ya sa ranar Alhamis ba ka yi magana ko a can ba," in ji Manase a hankali. "Na yi ta kiran ka."

"In na faɗa a can, yana ji. In na faɗa a nan, Yaya tana magana."

"Sai ka bar mu muka shiga bakin igwa."

"E."

Huɗu saura kwata.

Ba maci amana a jirgina. Da akwai, da abin ya fi sauƙi. Maci amana kora ɗaya ce. Abin da nake da shi mai hange ne da ya fi kowa ido a tsibiran nan, wanda ba zai iya buɗe baki ba in ina magana. Heilala ba ta kai rabinsa ba, amma Heilala za ta yi min ihu ba tare da ta yi tunani ba.

Na fito da wayata, na buɗe jerin sunayen, na ɗora yatsa kusa da nasa.

"Daga yau zaure ɗaya ne. Fineasi ya zagi wanda ya ga dama, ba mai fita ƙarƙashin mangwaro. Dokar murya ɗaya na janye ta, amma ga mutum ɗaya: mai hange. In ya ga abu, maganarsa tana gaba da tawa."

"Ya yi," in ji Manase.

"Bai yi ba tukuna. Kelepi, shigo ciki."

Ya matso taku biyu, har ya zo daidai gangar.

"Zan fara magana. In ka katse ni kafin in gama, sunanka ya zauna. In na kai aya, Heilala ce a saman sanda ranar Litinin."

"Yaya, don Allah."

"Ba roƙo na ce ka yi ba."

Na fara. Na yi maganar banza, yadda ake ɗaure filafilai in iska tana gaba. Na ja ta da gangan. Ina kallon sa ya buɗe baki, ya ja numfashi, ya rufe. Na kai aya.

"Wannan gwaji ne, ba a ƙirga ba," in ji Fineasi da sauri. "Kelepi, rufe ido. Ka ɗauka ni ne. Ni kana ce min in yi shiru sau goma a rana."

"Muryar ba taka ba ce."

"Ka ɗauka mura nake yi."

Na sake farawa. Wannan karon ya kai ga cewa, "Ya..." sai ya tsaya. Gumi yana bin gefen fuskarsa. Na kai aya.

Huɗu saura minti shida.

"Na ƙarshe," na ce.

Manase ya juya baya, ya ɗauki sifana ya riƙe kawai.

Maganar banza ta ƙare min. Abin da ya rage a kaina shi ne abin da na kwana biyu ina juyawa, sai shi ya fito.

"Ranar Litinin ba za mu ɓuya ba. Sitaleki ya saba ya riga mu maɓoya ya saki anga ya jira. Jirgin da ya saki anga sai ya yi sakan takwas kafin ya motsa. Za mu bar shi ya ji wuri ɗaya, mu kuma mu zagayo ta inda igwarsa ba ta kaiwa, wato ta..."

"Yi shiru!"

Ban tsaya ba. Ban ma gane daga ina ta fito ba.

"Losaline, rufe bakinki! Rufe bakinki na ce!"

Sifanar ta faɗi daga hannun Manase.

Shekara ashirin da shida Kelepi yana duniya, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Muryar ta cika garejin ta fita titi. Fineasi ya ɗaga hannu biyu sama kamar wanda ƙungiyarsa ta ci ƙwallo.

Ban yi murmushi ba. Na kalli agogo. Saura minti uku. Na janye yatsana daga kan sunansa na danna tura. Suna huɗu, yadda suke. Wayar ta nuna an karɓa.

"Ka ga bai kashe ka ba," na ce.

Bai kalle ni ba. Hannunsa yana miƙe, yana nuna kan ganga.

Wayar Manase tana nan inda na ajiye ta, zauren a buɗe tun ɗazu, makirufonta a kunne. Ɗigo biyu ne kore yanzu. Na Manase, da na huɗu.

"Tun yaushe?" Manase ya tambaya da raɗa.

Wayar ta yi ƙara kaɗan. Sai muryar Sitaleki ta fito, a natse, da ladabi, ba da mu yake ba.

"Kin ji da kunnenki ko, Mama? Ai na gaya miki."

Aka ji motsin tabarma. Aka ji an karɓi waya daga hannu zuwa hannu, da numfashin tsohuwa kusa da ita.

Kelepi ya sulale ƙasa ya harɗe ƙafa, kansa a sunkuye, kamar tana tsaye a gabansa.

"Losaline."

"Na'am, Gwaggo."

"Wane namiji ne yanzu ya ce miki ki rufe baki?"

Na kalli Kelepi a ƙasa.

"Ina jin ki. Faɗa min sunansa."